Ni Na Kunna Wutar da Yayana Yake Neman Gafararta

Daga admin: wani dattijo ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manyanku da ƙanananku. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa, don ba magana ba ce da zan sa ɗa ko jika ya rubuta mini. Na haura saba'in, tsohon ma'aikacin kwana-kwana ne ni, kuma abin da zan faɗa ko Hajiya matata ba ta sani ba, duk da shekara arba'in da ɗoriya muna tare.

Abin da ya tayar da maganar, makon jiya aka kunna wani fim a falo, na 'yan kashe gobara, wa da ƙani, ana ta neman wanda ke cinna wuta a gari. Da farko gyara musu nake yi, ina cewa babu mai hankalin da zai shiga hayaƙi a tsaye haka, hular kwano a hannu don a ga sumarsa, ana ta dariya. Sai aka zo inda ƙanin ya fito da wansa daga cikin wuta, jama'a suna tafi. Na tashi na shige ɗaki. Hajiya ta biyo ni tana tambaya ko hawan jinin ne, na ce mata eh.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ɓaɓura. Mu biyu ne maza a gidanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Yaya kawai. Yaya manomi ne na gaske, kafin mutane su gama noman firi shi ya shiga maimai, shi ne ɗan gaban goshin Baba. Ni aka tura boko, da kuɗin mai ya shigo ƙasa, lokacin da ake neman mai ɗan satifiket ruwa a jallo, na samu aikin kwana-kwana a Kano. Ni a ganina na kai, ga kaki ga takalmi ga albashi, amma Baba bai taɓa ɗaukar abin aiki ba. In na zo hutu sai ya tare ni a zaure gaban abokansa ya ce, "Malam mai jiran wuta, an iso? Kun taɓa jin ana biyan ƙato don ya zauna yana jiran gidan wani ya kama?" A yi dariya, Yaya ya fi kowa. Wasa ne a wurinsu, ni kuwa ƙuruciya da zuciya, abin yana cina kamar ƙaya a ƙafa.

Wata shekara bayan an gama kaka na zo hutu, aka sake yi mini haka gaban mutanen da nake neman auren 'yarsu. Ranar kasuwa, bayan azahar, maza duk sun tafi, shaiɗan ya kitsa mini dabara. A bayan gida akwai tarin karan dawa da aka jingine za a yi danga. Na ce bari in kunna gefensa, ya ɗan tashi, in yi ihu, mata su fito, in kashe a gabansu, labari ya kai wa Baba ya san aikina aiki ne. Na duba inda iska take kaɗawa, na ajiye bokiti biyu na yashi da jiƙaƙƙen buhu a bayan rumbu, komai yadda aka koya mana. Ashana ɗaya na ƙyasta.

Abin da ban sani ba, Yaya ya ɓoye garewanin fetur a ƙarƙashin karan nan. A lokacin fetur araha a wurinmu, samari suna ɗora wa jaki su tsallaka iyaka su sayar da sefa, Baba kuma ya hana Yaya wannan sana'a har da rantsuwa. Ban gama ja da baya ba na ji ƙara, wuta ta yi sama ta wuce tsawon rumbu. Mata da maƙwabta suka fito da tuluna, ina ta ihu ƙasa, ku zuba ƙasa, kada ku sa ruwa, babu wanda ya saurare ni, su tun kakanni ruwa suka sani maganin wuta. Ruwan da suka kwara shi ya ɗauki man da wutar a kansa, ya gangara da ita har rumfar da aka ɗaure shanun huɗar Baba.

Yaya ya iso da gudu daga kasuwa, bai tsaya ba ya faɗa rumfar zai kwance shanun. Ya saki ɗaya, yana kokawa da igiyar na biyu rufin ya rufto masa. Na sunkuya na shiga, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun, na jawo shi waje. Har yau tsofaffin garinmu suna ba da labarin buhun nan, wai dubi basira, cikin ruɗani ya tuna ya jiƙa buhu. Babu wanda ya taɓa tambaya yaushe na jiƙa shi.

Rumbu uku suka tafi, da sa ɗaya. Yaya ya yi watanni a asibiti a Kazaure, ya fito yatsunsa sun dunƙule, bai sake riƙe fartanya ba. Da aka tone toka aka ga ƙonannun garewani, magana ta ƙare. Shi da kansa ya ce ƙila guntun sigarin da ya sha a wurin da safe ne. Baba ya ce ɗan da ya karya masa rantsuwa ya jawo wa gida yunwa ba zai sake kwana a gidansa ba. Inna ta yi kuka, liman ya zo ban baki, Baba ya ƙeƙasa ƙasa. Yaya ya kwashi matarsa ya koma wurin surukansa a ƙasar Gwiwa, sarkin noma guda ya koma kasa goro a faifai. Ni kuwa Baba ya cire babbar rigarsa ya ba ni gaban jama'a. Na samu abin da na nema, kuma wallahi ban ji daɗinsa na minti ɗaya ba.

Za ku ce me ya hana ni magana. Da farko tsoro ne, ma'aikacin kashe gobara ya cinna wuta, kora ce da gidan yari. Daga baya kunya. Daga baya kuma shekaru suka taru, kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Ranar da Baba zai cika na buɗe baki zan faɗa, ya riga ni, ya ce in gaya wa yayana ya yafe masa. Na hau mota na kai saƙon da bakina, Yaya ya kifa kai a cinyata yana kuka kamar yaro, yana cewa ashe zai ga wannan rana. Inna ta rasu tana kewar ɗanta. Ɗan da aka haifa wa Yaya bayan gobarar sunana ya sa masa. Duk baƙon da ya tarar da mu tare sai ya nuna ni da dunƙulallen hannun nan ya ce, "Ba don wannan ba da tuni na zama toka."

Na yi abin da zan iya, hatsi duk shekara, karatun 'ya'yansa, har Makka na kai shi, mutane suna cewa ba su taɓa ganin zumunci irin nawa ba, kowane yabo kuwa sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wuta nawa na shiga a wurin aiki, inda abokan aiki suke ja da baya nan nake kutsawa, suna ce mini jarumi, ni kuwa na san abin da nake nema. Na je wurin wani malami a Roni na tambaya da sunan wani abokina, ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya san abin ya yafe. Wani malamin kuma ya ce abin da Allah ya rufa kada bawa ya tona. Kowace Sallah ina cewa Yaya mu yafi juna, sai ya yi dariya ya ce, "Auta, kai me ka taɓa yi mini ban da alheri?"

Yanzu Yaya yana kwance, ciwon ƙoda, likita ya ce a koma da shi gida a yi ta addu'a. Ranar Juma'a na je. Ya sa aka fita aka bar mu, ya kamo hannuna ya ce, "Auta, in ta Allah ta kasance kai nake so ka yi mini wanka, kada ka bar wa kowa." Na ce to. Sai na ga hawaye, ya ce, "Abu ɗaya ke hana ni sukuni, yunwar da na sa Inna da yaran gidanmu a shekarar nan. Shekara hamsin ina istigfari a kanta. Kana ganin Allah zai karɓa?" Na ce insha Allahu, Yaya. Ƙarya ba ta taɓa yi mini ɗaci a baki irin ta ranar ba, na fito na zauna a gindin darbejiya na kasa tayar da mota.

Mai zagi ya zage ni, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. In na faɗa masa, zai san sigarinsa bai ƙona komai ba, amma zai tafi yana sane cewa ƙanin da ya yi wa takwara shi ya cinye masa hannu da gida da uba, kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. In na yi shiru, zai koma ga Ubangijinsa yana neman gafarar laifina, kuma ƙofar yafiyata ta rufe ke nan. 'Ya'yansa sun ce ya fara rage magana. Jibi zan koma. In durƙusa in gaya masa tun yana jina, ko in kame bakina in yi masa wanka da hannun da ya ƙyasta ashanar?