Ɗana ya bar kokawar sumo, yana so in yanke masa gashi

Gwaggo Hasiya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce ba ni da tausayi ba.

Ni nas ce, 'yar Filato, muna zaune a Fort Washington ta Amurka da maigidana. Ɗanmu na fari, Dalyop, tun yana sakandare ƙato ne, kokawa ta shiga ransa. Ya samu gurbi a jami'a a College Park, sai wani kocinsa ya haɗa shi da wani gidan 'yan kokawar sumo a Japan. A 1982 ya tattara ya tafi, na yi kuka har na gode Allah.

Gwaggo, yaron da ko kofin shayinsa ba ya wankewa, shi ne ya koma shara da girki da cuɗa wa manyan gidan baya a wanka, sai sun ƙoshi ya ci saura. Kuma wai a ci a kwanta don a yi ƙiba, ni da nake wuni ina gwada wa mutane sukari da hawan jini. Ya aiko hoto daga shi sai wata ɗamara kamar bante, na ɓoye a ƙasan akwati kada matan zumuntar cocinmu su gani. Bai kai sahun manya ba, ya hau ya sauko, amma ko sau ɗaya bai ce ya gaji ba.

Makon jiya ya bugo waya ya ce gwiwarsa ta lalace, likita ya ce kokawa ta ƙare. Kafin in kama bakina na ce mun gode wa Allah. Gaskiya tun ranar barci nake yi kamar jaririya, maigida ma ya ce na koma waƙa a kicin. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

To ga matsalar. 'Yan sumo suna tara gashi su ɗaure a tsakiyar ka, nasa ma da ƙyar yake miƙewa. Ranar sallamar wanda ya bar kokawa mutane kan yi layi kowa ya ɗan yanka, maigidansu na kokawa ya ƙarasa. Dalyop ya ce yana so in zo in sa almakashi. A garinmu in dangi suka taru ana aske kai, rasuwa aka yi, jikina ya ƙi. Kuma ina tsoron ya ga murna a fuskata alhali shi zuciyarsa a karye take. In je, ko in ce aiki ya hana ni?

Uwar ɗan kokawa, Fort Washington

'Yar'uwa, ki je. Ki nemi hutu tun yau.

Murnarki ba laifi ba ce. Shekaru kina kwana da fargaba, an sauke miki, dole ki yi barci. Amma shi ma yana da gaskiya. Abin da kike gani wahala, shi sana'arsa ce da ya zaɓa, ya jure mata a ƙasar da bai san kowa ba, kuma ba da son ransa ya bari ba. Godiyarki ta zo masa a lokacin da jaje yake jira. Ki buga masa waya, kada ki tsaya dogon bayani ko maganar komawa jami'a. Ki ce masa sannu da ƙoƙari, kina alfahari da shi. Duk da abin da kika faɗa ke ya kira, wannan ya ishe ki sanin matsayinki.

Maganar aski kuwa, ban raina al'adarku ba, sai dai ba ranar makoki kaɗai ake aski ba. Mu a wajenmu ana yi wa jariri ranar suna. Na tambayi wanda ya san Japan, ya ce duk ɗan sumo da sunan kokawa ake kiransa, in ya bar fagen ya ajiye shi. Ke nan shekarun nan ba mai kiran ɗanki da sunan da kuka raɗa masa. In kin yanka naki, ki sunkuya ki kira shi Dalyop. In hawaye suka zo ki bar su, ba wanda zai tambaye ki na mene ne.

Allah ya ba shi lafiyar gwiwa, ya kai ki lafiya, ya dawo da ku tare.

Gwaggo Hasiya