Matar da ke cikin madubin lifta

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Maiɗakina tana gaishe ka, cikinta ya shiga wata bakwai.

Baffa, abin da zan faɗa nauyinsa nake ji. Ka san dogon benen da nake gyaran lifta. Da azahar nakan ɗan kishingiɗa a ɗakin inji, can sama. Sati uku ke nan, da na rufe ido sai wata mata ta zo ta zauna kusa da ni. Gashinta a jiƙe yake har ƙasa, kyanta kuwa ban san da me zan kwatanta shi ba. Hannuna kawai take riƙewa, amma in na farka sai in ji kamar na yini ina ɗaukar siminti. Na rame har wando ba ya zama.

Jiya ido biyu na gan ta a madubin lifta, tsaye a bayana, alhali ni kaɗai ne a ciki. Da na fito, tsohon da ke shara ya dube ni ya ce, "Ta same ka ke nan. Rubuta wa baffanka."

Ina ya san ka? Ka huta lafiya.

Ɗanka

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan da halinta.

Zauna kafin ka karanta. Ba mutum ba ce. A rijiya take zaune tun garin bai zama gari ba, kuma a kan rijiyar aka gina benenku. Ƙarfin maza take sha. In ta zauna wa mutum ɗaya, wata uku ta gama da shi. Shi ya sa muka zama mu arba'in, kowa ya ɗauke ta kwana tara a shekara, sauran maza su yi barcinsu ba su san komai ba. Ka ga mu, mu ake raba wa kwana kamar kishiyoyi.

Ni da marigayi babanka duk muna ciki. Bana na gaza, sai ta bi jinina ta zo gare ka. Ka je shagon aski na ƙasan benen, ka ce mai sharar ne ya turo ka. In ka gudu ba za ta bi ka ba, wani za ta kama wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Allah ya tsare.

Baffanka

Baffa,

Bayan gaisuwa, na je. Bayan shagon akwai ɗaki mai benci huɗu. Na ga alƙali, da mahauci, da likitan da ke duba maiɗakina, duk sun tuɓe takalma. Suka ajiye kujera a tsakiya.

Baffa, sai daɓen ya zama ruwa. Muna zaune a kansa bai jiƙa mu ba, ina hango zurfinsa, da hasken da ke motsi can ƙasa. Ta hau kamar mai hawa matakala. Alƙali ya sunkuyar da kai, mahauci yana hawaye. Ni ko ido kawai na zuba mata.

Ta ce, "Kai ne ɗan mai dariyar nan. Idonsa gare ka."

Na daure na ce, "Me kike ɗauka a jikinmu?"

Ta ce, "Kwanaki. Daga ƙarshen rayuwa nake tsinka, kaɗan-kaɗan, in kun cika arba'in."

Na karɓi nawa kwana taran. Ban iya barin wani ya mutu a madadina ba. Amma Baba yana da hamsin da biyu ya rasu, kai ga ka kana neman tamanin, kuma tare kuka shiga. Don Allah ka gaya mini gaskiya.

Ɗanka

Ɗana,

Ranar da na fara ganinta na suma, na rantse ba zan sake komawa ba. Babanka ya haɗa kwana tarana da nasa ya ɗauka, shekara ashirin da biyu, bai gaya wa kowa ba. Sai da muka binne shi na koma bencina.

Ka zo ka faɗa mini duk abin da ke bakinka. Ina gida.

Baffanka