Kada a Taɓa Dawar Rumbu

Zuwa ga Bappa, a Zurgu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna Fulera, yaya shanu? A gaya wa 'yar'uwata Ummi har yanzu na fi ta kyau.

Ni lafiya lau nake a nan Sisiliya ta ƙasar Italiya, sai ɗan tari. Gonar lemon da muke aiki tana gindin dutse mai aman wuta. In ya yi gyatsa, baƙar toka ke zubo mana, mu wuni muna shara, ido ja, baya a ƙage. Na taɓa tace ta na zuba a miya yadda Inna ke yi. Ran nan da yunwa muka kwana.

Tsohon da ke da gonar ya ce wannan dutsen jariri ne. In babbansa ya fashe, ko manyan ƙasashe suka harba wa juna nukiliya, hayaƙi zai tare rana shekara da shekaru, sanyi ya sauko, damina ta ƙi zuwa har Zurgu. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na ji za a sayar da dawar rumbu a saya wa ɗan'uwana Nasir babur. Bappa, kun saba da zolayata, amma wallahi wannan ba ita ba ce. Da idona na ga azahar ta koma magariba saboda tokar dutsen nan. Ku kuka koya mana yadda Annabi Yusuf ya sa a bar hatsi a zangarniyarsa. Nasir ya taka da ƙafa bana, ba a tuƙa tuwo da babur.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Ku sa ni a addu'a, na gaji.

Ɗanku,
Tajuddeen