Fankar da na kai wa surukina

Zuwa ga Alhaji mai kantin kayan lantarki da ke bakin tashar Gure, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali da kasuwa suna lafiya, ni ne malamin lekwal ɗin nan na Gure, wato makarantar boko, da ya sayi ƙananan moter biyu, irin mai juya fanka, a wurinka farkon bazara. Haɗa 'yan na'urori sha'awata ce kawai, kuma ita ta ja mini kunyar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, ka ce moter ɗin sabon yayi ne, ba shi da ɗan gawayin nan na cikin moter da ke cinyewa, don haka ba ya mutuwa. Na yarda. Na haɗa fanka mai aiki da batirin mota, na kai wa surukina, dattijon da zafi ke tayar masa da ciwon ƙirji.

Na biyu, ranar sunan jikarsa, zaure cike da baƙi daga Gidigir da Bune, ya sa aka kunna ta yana alfahari da ni. Ta yi ƙara, ta yi rawa, fiffiken ya fice ya tuge masa hula. Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da an yi, da ya fi mini sauƙi.

Na uku, na buɗe ɗayan da na ajiye a gida. Ba boris a ciki, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar moter ke juyawa a kansu, zoben roba ne. Maganaɗisun da gam aka liƙa shi, ga ramuka ko'ina kamar rariya. Alhaji, ka san yashin Gure, ka kuma san can zan kai shi.

Abin da ya fi ci mini rai, suruki irina ba ya karɓo kyautar da ya bayar, shi ma dattijon ba zai buɗe baki ya ce ta lalace ba. An mayar da fiffiken, fankar tana nan kusa da shimfiɗarsa. Matata ta ce duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa aikin surukinsa, mafici na hannunsa, gumi na zuba. Ni kuwa hanyar bayan kasuwa nake bi yanzu, don kada in wuce ƙofarsa.

Roƙona, ka daina cewa ba ya mutuwa. Sannan ka aiko mini da mai boris na ƙarfe, rufaffe, ta hannun direban Gure. Matata za ta sato mini fankar ranar Juma'a idan ya tafi masallaci, in sauya mata moter in mayar kafin ya dawo.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka da jin kunya gaban surukanka.

Wassalam.
Malam Mamman, Gure.