Mangwaron da Katafila Ta Kayar

Birnin Tudu,
9 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga Yayana Malam Abdulhamid, a sabon garin Maradun.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kuna lafiya, kai da tsohuwarmu Inno da dukkan mutanen gida. Ka yi haƙuri da munin rubutuna, ka san da tsumma nake ɗaure alƙalami a dungulmin hannu.

Bayan haka, Yaya, an kayar da lambuna. Ranar Alhamis na tafi Bakura duba wani maras lafiya, kafin in dawo masu gyaran filin noman rani sun shiga da katafila. Mangwaro goma sha ɗaya da ni da matata Nagode muka dasa shekarar da aka sallamo mu daga asibitin kutare, duk suna kwance da 'ya'yansu. Wannan ban yi kuka a kai ba. Ku ma ruwan dam ya cinye muku tsohon gari, ba ni kaɗai ba ne.

Amma kabarin Nagode yana ƙarƙashin na tsakiya. Yanzu wurin ya zama fili sumul, ban ma iya nuna inda take.

Direban katafilar da kansa ya zo har gida ya ba ni haƙuri. Ya ce da suka iso ga duwatsun da ke kan kabarin, Baturen da ke shugabantarsu ya tsai da aiki ya tambayi tafinta ko mene ne wannan. Tafinta ya ce, "Ba komai, tarin duwatsu ne." Yaya, Tukur ne tafintan. Tukur ɗan yayarmu Adda, wanda na ɗauko yana shekara huɗu da uwarsa ta rasu, Nagode ta goya shi, ni na koya masa boko da Turancin da yake cin abinci da shi yau. Da hannunsa ya taya ni jera duwatsun nan.

Kwana huɗu ke nan ba abin da nake yi sai mangwaro. Ya nuna gaba ɗaya a ƙasa, ya yi luɓus, ƙudaje sun cika gida. Na raba har mutane sun gaji da karɓa. Mai ɗan ƙarfi ina yankawa ina shanyawa a kan zana, wanda ya narke ina matsewa cikin tukunya ina dafawa har ya yi kauri, yadda Nagode take yi. Ina yanka ina tunani. Shekara ashirin da shida ina wa'azin bishara a bayan garin nan. Mutum tara na yi wa baftisma, uku sun mutu, biyu sun koma inda suka fito. Duk Lahadi sai na ce wa sauran su yafe wa wanda ya cuce su. Ashe ban san abin da nake faɗa ba.

Ba zan yafe wa yaron nan ba.

Ni ne ƙanenka,
Jibirin.

Maradun,
15 ga Afrilu, 1979.

Da sunan Allah Mai rahama. Zuwa ga ƙanena Jibirin. Gaisuwa da fatan alheri da tambayar lafiyarka.

Bayan haka, takardarka ta iso, na karanta wa Inno, ta yi kuka. Ka san tun ranar da ka bar hanyar iyayenmu ban taɓa yarda da addininka ba, kuma ban taɓa hana ka shiga gidana ba. Nagode mace ce mai kirki. Kabari kabari ne, ko na wane ne.

Na aika aka kira Tukur. Da fari ya yi musu, daga baya ya sunkuyar da kai. Ya ce abokan aikinsa suna tsaye a wurin, in ya ce kabarin wadda ta goya shi ne, sai a tambaya me ya sa aka binne ta ita kaɗai a bayan gari. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba.

Amma ka sassauta. Yaro ne, kuma yana bakin aure. An sa masa rana da Taiba, ɗiyar Alhaji Sanusi mai goro na kasuwar Mafara, ni ne waliyyinsa. Ba zan ɓoye maka ba, ya gaya musu a hannuna ya tashi, ya kuma roƙe ni kada in ambace ka. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Ka bari a ɗaura, daga baya ni da kaina zan kawo shi ya durƙusa a gabanka.

Kai ne mai wa'azin haƙuri, ga ranarsa ta zo. Ka daina tsayawa cikin rana kan mangwaro, ƙafarka ba ta jin zafi, kada ta sake buɗewa.

Haza wassalam.
Yayanka, Abdulhamid.

Birnin Tudu,
25 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga Yaya Malam. Gaisuwa da girmamawa. Na gode da takardarka, ita ta nuna mini hanya, ko da yake ba wadda ka so ba.

Jiya Talata na tafi kasuwar Mafara. Na sa farar rigata ta Lahadi. Na cika kwano da dafaffen mangwaron nan, na nemi rumfar Alhaji Sanusi. Na same shi da baƙi kamar shida, ga Tukur a gefe kan tabarma, da agogo a hannu. Da ya gan ni sai da ya miƙe tsaye.

Na yi sallama, muka gaisa da Alhaji gaisuwa mai tsawo. Ya ce, "Malam, daga ina?"

Na ce, "Daga Birnin Tudu. Na ji ɗana zai zama naku, shi ne na kawo 'yar gaisuwa."

Ya ce, "Wane ɗan naka?"

Na ajiye kwanon a gabansa da hannu biyu, a hankali, don kowa ya ga hannuwan. Na ce, "Tukur mana. Ni kawunsa ne, Jibirin mai bishara. Shekara goma sha biyar kwanonmu ɗaya da shi. Matata ta goya shi, ita ma kuturwa ce. Mun warke tun kafin a haife shi, amma shi bai yarda ba. Wanga mangwaro daga kan kabarinta ya fito, wanda ya sa aka baje."

Alhaji ya dubi Tukur ya ce, "Gaskiya ne?" Tukur ya ce, "Kawu, don Allah." Shekara uku rabon da ya kira ni kawu. Na juya na tafi.

Yaya, na san mutanenmu, na san abin da kalmar kuturta take yi wa zancen aure. Shekara ashirin da shida ina bin gida gida ina cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, ba gado ba ne. Jiya na ɗauki tsoron nan da na yi ta yaƙi da shi, na soki yaron da shi. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, da nake dawowa a bayan mota, daɗi nake ji.

Ranar Lahadi zan gaya wa mutanena huɗu abin da na yi. Malami, ɗaya daga cikinsu, zai riƙa ja musu sujada, ni bakina bai dace ba yanzu.

Ƙanenka,
Jibirin.

Maradun,
3 ga Mayu, 1979.

Zuwa ga Jibirin. Gaisuwa.

Bayan haka, an maido da kayan sa rana. Alhaji Sanusi ya zo da kansa. Ka yi zaton ciwon ne zai kore shi, to ba shi ba ne. Ya ce mini, "Malam, ƙanen tsohona da ciwon nan ya mutu, ni na yi masa wanka. Amma wanda ya iya taka kabarin uwar goyonsa don kunyar abokai, in ɗiyata ta kwanta ciwo yaya zai yi da ita?" Ni ma bai bar ni ba, ya ce na yi shiru inda ya kamata in yi magana.

Na ba ka sirri ka mai da shi wuƙa. Raina ya ɓaci da kai, sai dai ni na fara laifi.

Tukur ya ajiye aiki. Direban nan ya gaya masa wajen da ya tura ƙasar, can gefen babbar hanyar ruwa da ake ginawa. Kwana biyar yana tono shi kaɗai, hannunsa duk ya fashe. Shekaranjiya ya zo mini da farin ƙyalle a naɗe. Ba duka ƙasusuwan Nagode ya samu ba. Yana tsoron kawo maka. Abin yana ɗakina, kuma ba ni da ikon binne ta bisa hanyarku. Ka faɗi yadda za a yi.

Wassalam.
Abdulhamid.

Birnin Tudu,
6 ga Mayu, 1979.

Tukur,

Ina gaishe ka. Ka kawo ta ranar Asabar da hantsi. Ka taho da Yaya Malam in zai iya hawa mota. Zan nuna maka wuri a cikin gida, kai za ka haƙa, hannuna ba ya riƙe magirbi.

Kada ka durƙusa mini, kada ka roƙe ni komai. Ban yafe ba, kuma ban ce ka yafe mini ba. In mun rufe ta, akwai tuwo.

Kawunka,
Jibirin.