Safar Hannun Yaya Sale

Daren Laraba, makon yankan shinkafa

Alhamdulillahi, safar hannun da na saƙa wa Yaya Sale ta yi aiki! Ta farko da zaren cikin tsohuwar tayar mota zalla na yi ta, ya jefar, wai ƙaiƙayi. Na ji haushi ƙwarai. A ta biyu, Inna ce ta koya mini naɗe zaren da auduga a mazari, ƙarfi a ciki, taushi a waje.

Yau ya dawo daga gonarmu ta Fammar yana ɗaga hannun hagu, wanda aka yi wa ɗinki bara da lauje ya yanke shi. "Hajara, lauje ya goce, ko ƙwarzane babu!"

Da ya tsuguna alwala Inna ta ce, "Sale, da safar za ka yi?" Ashe ya manta tana hannunsa.