Jan Bakin da Jirgin Kawu Ya Kayar

Haɗeja, ranar Talata

Zuwa ga Abban Umaima,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kuma karatun Zariya bai ramar min da kai ba. Mu nan lafiya ƙalau. Umaima ta yi sabon haƙori, a yatsana take gwada kaifinsa. Na ba direba wannan takarda ne don a waya kai ke cinye maganar.

Ka san yadda tsuntsayen jan baki suka addabi masu shinkafa bana. Kawu Bunu, da yake yana neman kujerar majalisa, ya shiga ya fita har aka turo jirgi ya fesa musu magani a cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama inda suke kwana. Manoma sun ji daɗi, ni ma na ji. Yanzu ba a kiransa sai Mai Jirgi.

Amma wani abu ya hana ni sukuni. Kashegarin feshin aka kawo mana mutane asibiti suna amai, suna haɗa gumi, miyau na dalala, ƙwayar idonsu ta tsuke kamar ƙwayar gero. Cikinsu har da Talatu, maƙwabciyar Iya, wadda ke taya ta figar tsuntsayen da Iya ke soyawa tana sayarwa. Ni na gwada jininsu a ɗakin gwaji, kuma abin da na gani ba zazzaɓi ba ne.

Na bi diddigi. Ashe mutanenmu ba su yarda su ci mushe, don haka tun da asuba suke afkawa cikin kacalar, kowa na sauri ya tsinci masu sauran numfashi ya yanka kafin su mutu. A lokacin maganin bai bushe ba, ko a ganye ko a gashin tsuntsun. Tsoron Allah ne ke kai su, shi ya sa abin ya fi min ciwo. Daga nan sai kaskon suya. Iya kanta buhu guda ta saya.

An ce za a sake feshi a wajen Guri. Zan je in ga Kawu. Ka yi min addu'a.

Taka har kullum,
Bara'atu

Haɗeja, ranar Lahadi

Abban Umaima,

Assalamu alaikum. Yaya sanyin can, yaya ƙoƙari? Saƙonka ya iso, na kuma ga inda ka ce in bi a hankali. A hankalin na bi, ga inda ya kai ni.

Kawu ya karɓe ni da fara'a, har ya sa aka dama min fura. Na ce masa ban zo hana feshi ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi shela a masallatai da rediyo cewa kada wanda ya shiga kacala bayan jirgi ya wuce, kada a taɓa tsuntsun, kada a ci. Sai fara'ar ta gushe. Ya ce in aka haɗa sunansa da guba ana gab da zaɓe, 'yan adawa sun sami waƙa. Ya ce, "'Yar nan, ki bari a wuce zaɓe, ni da kaina zan sa a yi shelar." Na ce jirgin ai ba zai jira zaɓe ba. Ya tuna min shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Gaskiya ya faɗa, kuma na yi kuka a cikin Keke Napep har gida.

Iya ma ba ta sauƙaƙa min ba. Ta ce duk abin da ya shiga tafasasshen mai ya tsarkaka, kuma ƙaninta ba zai kawo abin da zai cuci jama'a ba. Wai bokona ne ya yi min yawa.

Na tuna malaminmu na kimiyyar magunguna. Ya taɓa ba mu labari cewa dangin wannan magani a Jamus aka fara haɗa su, ana neman abin kashe ƙwarin gona. Da aka ga wani cikinsu ya fi ƙarfin ƙwari, sai sojoji suka karɓe shi suka mai da shi makami, aka hana masu binciken buɗe baki. A aji na ɗauka tarihin Turawa ne kawai, na haddace don jarrabawa. Yau ga shi a falon kawuna, ana ce min in yi shiru. Su an tsare su da bindiga, ni da zumunci.

Ba zan yi shirun ba. Ina gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani.

Taka,
Bara'atu

Haɗeja, ranar Asabar

Abban Umaima,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ka zauna tukuna kafin ka karanta.

Ranar Laraba Kawu ya tara mata a ƙofar gidansa ana raba atamfa. Aka ce ni ce 'yar gida mai ilimi, in yi jawabin godiya. Na karɓi lasifika. Na gode masa a kan jirgin, da zuciya ɗaya kuwa. Sannan na faɗi abin da na gani a jinin mutane, na ce duk mai ƙaunar mijinta da 'ya'yanta ta hana su shiga kacala bayan feshi. Ban gama ba aka zare wayar lasifikar.

Sai na ga Iya ta miƙe. Ashe da safiyar ranar ta je duba Talatu, ta tarar ko kofi ba ta iya riƙewa. Ka san muryar Iya ba ta buƙatar lasifika. Ta ce, "Ni ce mai suyar, ni ce yayar Mai Jirgi, kuma na haƙa rami na binne buhuna. Wadda ta ga dama ta ci nata." Ta ajiye atamfarta a kan tabarma, ta ja hannuna muka fito.

Kawu ya aiko a gaya min kada in sake taka masa gida. Wannan ya ƙona min rai, ba zan ɓoye maka ba, don har gobe ubana ne. Jiya kuma na sami takardar canjin wurin aiki. An ɗauke ni daga ɗakin gwaji, an tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Guri, inda ko wutar lantarki babu. Abokan aikina suna ta yi min jaje.

Ni kuwa dariya ta kusa kama ni, don faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk wanda ya sa hannu a takardar nan bai duba ba: ƙauyen yana bakin kacalar da za a fesa ne. Na riga na aika wa limaminsu, ya ce zai yi maganar a huɗubar Juma'a. Iya ta ce za ta bi ni, ta riƙe Umaima, ta kuma zaga gidajen masu suya.

Kada ka baro karatunka. Ka dai aiko min da takalmin roba mai tsawo da safar hannu, ko nawa ka samu. Asubar da masu tsintar tsuntsu za su zo da wuƙaƙensu, ni za su fara tararwa a bakin ruwa.

Ka huta lafiya.

Matarka mai kunnen ƙashi,
Bara'atu